Kwanciyar Hagu

A shekarun da kuɗin fetur suka sa birnin Sabha ya haukace da gine-gine, Illia, lebura ɗan ci-rani, ya shaƙi ƙurar siminti har tari ya hana shi barci. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti, sai ga tabo a huhun hagu. Likita ya ce sai an soka allura an tsakuro ɗan nama a duba.

Da hantsi aka yi. Allurar ta taɓa jijiya, jini ya ɗan ɓalle, amma likita ko a jikinsa. Ya sa aka kwantar da Illia a kan gefen hagu, inda aka soka. Hniya, ma'aikaciyar jinya 'yar wannan yanki na Fezzan da ta tsinci Hausa a bakin kakarta, ita ta yi masa bayani.

"Nauyinka zai danne wurin, jini ya tsaya. In ka juya, jini ya gangara huhu mai lafiya, numfashi ya ƙare. Kar ka juya, kar ka yi magana."

Illia ya gyaɗa kai. Da azahar tarin ya fara lafawa. Sai aka shigo da leburorin da kamiyo, babbar motar kaya, ta kife da su, duk mai farar riga ya ruga can, har Hniya.

A wannan tsakanin ne wansa Djibo ya iso daga gonar dabino a ƙauyen Zighan, ƙura har gira. Djibo kuwa shi ya raini Illia, shi ya rufe idon ubansu. Ya ga jini a matashi, ya ga ƙanensa shiru, a kan hagu, ya ba gabas baya. Zuciyarsa ta karye. A garinsu ko maƙiyinka ba ka bari ya cika a haka.

"Don kai baƙo ne suka yasar da kai kamar buhu," in ji Djibo a hankali. Ya naɗe hannun riga.

Illia ya damƙe ƙarfen gado. "Yaya..."

"Yi shiru, ai na zo."

Abin takaici, tun da aka haifi Illia bai taɓa ce wa Djibo a'a ba. Ya dubi fuskar wansa, hawaye na bin ƙura, sai ya saki ƙarfen. Djibo ya juya shi dama, ya fuskantar da shi alƙibla, ya gyara masa matashi, ya shiga laƙƙana masa kalmar shahada.

Da Hniya ta dawo, daga bakin ƙofa ta ji kakarin. Ta mirgina shi hagu, ta kira likita, aka yi ta zuƙe jini da roba. Ina. Kafin la'asar ta yi sanyi an ja masa mayafi.

Ta fito ta tarar da Djibo zaune a ƙasa cikin baranda. Ta zo da magana a bakinta, mai zafi. Shi ya riga ta.

"Baiwar Allah, ban riƙe ku ba, kwana ne ya ƙare. Abu ɗaya ya sanyaya mini rai, Allah ya kawo ni a kan lokaci na juya shi. Shi zan faɗa wa tsohuwarmu."

Hniya ta dube shi, ta haɗiye maganar da ta zo da ita.

"Ka faɗa mata," ta ce.