Lemun da Ke Bayan Zani

"A ɗauke min zanin gadon nan daga kan igiya," in ji Baba Direba. "Ko a teku aka wanke shi, ai ya ci a ce ya bushe."

Mai Ɗinki na tsaye a cikin ɗakin. Ita ce maƙwabciyarsa, katanga ɗaya ta raba su, kuma ita ta shanya zanin da hannunta daidai tagar ɗakin da yake kwance. Ta saci kallon autarsa, wadda ke zaune a bakin gado riƙe da kofi da cokali. Auta ta girgiza mata kai a hankali.

Abin da zanin ke karewa ɗan itacen lemu ne da matar Baba ta dasa a shekarar da ta rasu. Ranar da za a tafi da shi asibiti bai yi zancen gida ko mota ba, lemun kaɗai ya damƙa wa Mai Ɗinki. Ita kuwa irin matan nan ce da in an ba su amana sai sun wuce gona da iri. Safe bokiti, rana bokiti, yamma bokiti. Da ganye ya fara rawaya ta ce ƙishi ne, ta ƙara. Kafin likita ya ce a mai da Baba gida a ci gaba da addu'a, lemun ya kaɗe ganye tas, ya koma kamar tsohuwar tsintsiya.

"Anti, don Allah kar ya gani," Auta ta roƙe ta tun ranar da suka dawo. "Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Yanzu ga shi yana lalubar ƙarfen gado, yana neman tashi da kansa. Numfashinsa na fita da ƙyar.

"Kwanta, Baba, ni zan ɗauke," ta ce.

Ta fita tsakar gida, ta cire maƙalan shanya, zanin ya zamo kan kafaɗarta. Kunya ta hana ta ɗaga ido. Ta so ƙwarai a ce zaginta ya yi.

"Tura yatsa a gindin lemun," ya ce ta taga.

Ta durƙusa ta tura. Yatsan ya nutse cikin taɓo.

"Yana wari?"

"Yana yi, Baba."

"To, saiwa ma numfashi take yi, 'yar nan. Kin toshe mata hanci." Ya tsaya ya huta. "Fasa ɗan bangon ƙasar da kika kewaye shi da shi, ruwan ya samu hanya. Ki janye ƙasar da kika tula masa a wuya. Kar ki sa taki, marar lafiya ba ya cin abu mai nauyi. Ruwa kuwa, sai kin tura yatsa kin ji a bushe."

"Baba, ka daina magana haka nan, karɓi cokali ɗaya," in ji Auta.

"Ke ma irinta ce," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ku biyun nan, da ƙauna za ku shaƙe mu, ni da lemun."

Auta ta yi dariyar da ta fi kama da kuka. Mai Ɗinki ta fasa bangon da hannu, baƙin ruwa ya gangara ya bi kwata. Sai ta yi tambayar da ke cin ranta tun kwanaki.

"Ya mutu ne, Baba?"

"Ni ma shi nake so in sani. Kankare ɓawon da farce. In kin ga kore, yana nan."

Ta kama reshen sama ta kankara. Busasshe ne, ya ma karye a hannunta. Ta kama na ƙasa da shi, nan ma launin ƙasa.

"Me kika gani?" Muryar ta yi ƙasa sosai.

"Ina zuwa, Baba."

Ta bi jikin itacen tana sauka, tana kankara, gumi na shiga idonta. Ƙarya ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye, don mutumin da ya yi shekaru yana gane ciwon mota daga ƙarar inji ba zai kasa gane muryarta ba. Can ƙasa, kamu ɗaya daga gindi, farcenta ya shiga wuri mai laushi. Ɓawon ya ɗago, ga kore shar a ƙarƙashinsa, har da danshi.

"Baba, kore ne. Wallahi kore ne."

Ba a amsa ba. Ta miƙe ta leƙa. Auta ta ajiye kofin a bakin taga, cokalin na ciki, ta kifa kanta a kan hannun mahaifinta. Fuskarsa na kallon waje, numfashinsa ya tsaya. Ko ya ji ko bai ji ba, babu mai iya gaya mata.

Mai Ɗinki ta daɗe a tsaye, zanin na kafaɗarta, ɗan koren na maƙale a farcenta. Sannan ta ɗauki bokitin da ta cika tun safe, ta kai shi can nesa da lemun, ta zubar, ta kife shi a jikin katanga.