Wanda Na Riƙa

Kwana goma sha ɗaya da binne Iya, Injiniya ya rataya jakar kwamfutarsa ya nufi asibitin da ta cika. Ya ce wa matarsa aiki zai je, kuma bai yi ƙarya ba, don shi ya rubuta manhajar da asibitin ke rajistar marasa lafiya da ita, duk wata yakan leƙa ya duba ta. Amma abin da ya fitar da shi daban ne. Iya ta kwana uku a asibitin nan da hankalinta, ba wanda ya kira shi. So yake ya sani, ta ba da lambarsa aka yi sakaci, ko kuwa ita ce ta ƙi?

Iya ba ita ta haife shi ba. Maƙwabciyarsu ce mai ɗinki, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, mahaifinsa kuwa direban babbar mota ne da gida bai cika ganinsa ba, sai Iya ta janye yaron ɗakinta ba tare da ta nemi izinin kowa ba. A gindin keken ɗinkinta ya koyi karatu, a nan ya sha rankwashi, a nan ya girma.

Wata biyu kafin rasuwarta ya je ya ce ta tattara ta koma gidansa, rufin ɗakinta yana yoyo. Ta ƙi. Ya matsa, ita kuma ta wanke shi tas a gaban matarsa, ta ce tun yana ƙarami haka yake, in ya tsara abu sai kowa ya lanƙwashe ya shiga ciki. Ransa ya ɓaci, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Ki daina yi min kamar ke kika haife ni." Iya ta cire tabarau, ta goge da bakin zane, ta ce, "Gaskiya ka faɗa." Ya fita yana jiran zuciyarsa ta huce. Kafin ta gama hucewa, mai shagon ƙofar gidanta, wanda ya kai ta asibiti, ya yi ta tambaya har ya gano ofishinsa, ya kawo masa labarin an riga an binne ta.

Ɗakin rajista ɗan ƙarami ne, taga ɗaya ce ta miƙa kati, sai fanka mai kaɗa kai kamar tana musu. Mai rajistar dattijuwa ce mai kaifin baki, shekara uku suna sa-in-sa da Injiniya, amma ba ta san komai nasa ba sai aikinsa. Tana ganinsa ta ture kofin shayinta gefe.

"Gara da Allah ya kawo ka, Injiniya. Jawo kujera. Yau sai mun yi ta da kai a kan akwatin nan naka."

Ya san akwatin da take nufi. A fom ɗin rajista akwai wurin wanda za a kira idan jikin mara lafiya ya rikice, a samansa kuma akwai akwatin dangantaka, irin wanda ake dannawa jeri ya zubo: uba, uwa, miji, mata, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa. Da can mutum yana iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Sai ma'aikata suka mai da shi juji, wani ya sa "maigidanta", wani "mijin", wani ya zuba lambar waya, har an taɓa samun "mai jar hula". Injiniya mutum ne da ba ya ƙaunar hargitsi, sai ya sa wa akwatin matata mai tace abin da ake rubutawa. Duk harafin da aka danna sai manhaja ta duba, in ba zai kai ga ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ba, ta yar da shi, kwamfuta ta yi ƙit. Wurin lambar waya kuma ba ya buɗewa sai an zaɓi dangantaka. Ranar da ya gama aikin nan har tafa wa kansa ya yi. Sau biyu mai rajista tana roƙonsa ya ƙara "wani daban" a jerin, yana ce mata ta nan ɓarna ke shigowa.

"Me ya yi kuma, Malama?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Me ya yi? Mako biyu da suka wuce aka kawo wata tsohuwa, numfashi yana mata wuya, amma bakin nan ras. Na ce, Baba, wa za a kira? Ta karanto min lamba da ka, ko tuntuɓe babu. Na ce mene ne shi a wurinki, ɗanki ne? Ta ce a'a. Na ce to ɗan'uwa? Ta ce a'a. Na ce, Baba, layi ya yi tsawo, bari in sa ɗa kawai mu wuce wurin. Wallahi sai matar nan ta riƙe min hannu ta taga. Ta ce, 'Yarinya, kada ki rubuta abin da shi bai yarda da shi ba. Ya ce ban haife shi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Rubuta wanda na riƙa.' Ni da jikoki uku, wai yarinya!"

Injiniya ya dafa gefen tebur. Ya sunkuyar da kai.

"To ga shi ka gani da idonka." Ta juyo da fuskar kwamfutar wajensa, ta sa yatsa a kan madannai ta fara bugawa. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Akwatin yana nan fari fes, wurin lamba a rufe. "Haka na yi ta fama, mutane suna min ihu a taga. Sai na rubuta lambar a 'yar takarda na manna nan, na ce in na samu sarari zan kai wa nas da hannuna. Ban tashi aiki ba aka bugo min 'yata tana naƙuda, na zari jaka na fita. Jiya na dawo daga hutu."

Ta numfasa. Kaifin bakin ya tafi.

"Ina ganin takardar gabana ya faɗi. Na hau sama na tambaya, suka ce ta rasu. Nas ta ce kwana ukun nan duk wanda ya shigo ɗakin sai ta ɗago kai ta ce, 'An kira shi?' Su kuma in sun buɗe kwamfuta sai su ga babu kowa, sai su ce mata za a kira. Ni ma da laifina, ban ɓoye ba, jiya ko abinci ban iya ci ba. Amma kai ma, Injiniya, ka ji tsoron Allah. Mutane ba guda takwas ba ne."

Ya ɗaga ido. Takardar tana manne a gefen kwamfutar, 'yar rawaya, bakinta ya fara naɗewa. Ba sai ya matsa kusa ba, ya san lambar. Ya samu amsar da ya zo nema, kuma da ya san haka take da nauyi, da ya gwammace a ce masa Iya ta ƙi. Layi shida ne kacal matatar nan a cikin rubutun manhajar. Ya san inda suke, yana iya goge su kafin shayin matar nan ya huce. Nadama ta cika masa ƙirji har ya rasa ta inda zai fara, da maganar da ya yaɓa wa Iya, ko da akwatin da ya hana ta kiransa.

"Zan gyara," ya ce da ƙyar. "Yau ɗin nan."

"Ka gyara don na baya. Ita kam ta tafi." Mai rajista ta ɓanɓare takardar, ta jawo wayar ofis. "Tabaranta da mayafinta suna nan a ajiye, ba wanda ya zo ɗauka. Tun safe nake juya yadda zan fara gaya wa bawan Allahn nan. Ko ba komai ya san ta neme shi. Zauna, kai ma ka ji da kunnenka."

Ta danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, tana duban takarda. Ta kara a kunne.

"Ta shiga. Allah ya sa ya ɗauka."

Waya ta fara ruri a aljihun Injiniya. Mai rajista ta dube shi, ta dubi takardar, ta sake dubansa. Ya ciro wayar, ya amsa kiran da ya makara mako biyu.

"Na'am," ya ce. "Ni ne ɗanta."