Wasan Mai Fitila a Gidan Madam Pickering

Tun da ɓarin jikin yayana Clive ya shanye, sai ya daina fita. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa bas yana tsokanar fasinjoji, ga shi a kujera gaban taga, hannunsa na dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Magana tana fitowa, amma da ƙyar, shi kuwa ya tsani a zuba masa ido ana jiransa.

Wata rana na matsa masa, na tura shi a kekensa na guragu zuwa bakin teku. Lokacin sanyi ne a garinmu Cleethorpes, masu hutu sun watse, shagunan alawa duk a rufe. Ba mu yi nisa ba yayyafi ya sauko, muka faka a gidan wasan Madam Pickering mai injinan da ake jefa wa tsaba a yi wasa, inda muka ƙarar da kuɗin kashewarmu muna yara. Tana nan a ɗan kejinta na gilashi, ta tsufa tukuf.

"Glenys, wa kika kwaso mini?" ta ce. "Au, Clive! Kai da kake harbin injinana da ƙafa, yau turo ka aka yi?"

"Injinanki... ɓarayi ne," in ji shi.

Ta yi dariya har da tari, ta tashi ɗora shayi.

Can ƙurya, bayan sababbin injina masu walƙiya da ihu, akwai wani tsohon inji lulluɓe da tamfol. Clive ya nuna shi da haɓa. Na yaye, sai ga Mai Fitila. A zamaninmu yara kan wasan harbi da na tseren mota suke tururuwa, wannan ba mai kula shi, don ba bindiga, ba abokin gaba. Mutum biyu ke yi: ɗaya yana tuƙa ɗan kwale-kwale cikin hazo, ɗaya yana juya fitilar hasumiya. Abin da haske ya taɓa kaɗai matuƙi ke gani. Kullum Clive ne da jirgi, ni da fitila, wai shi ne babba. Ba mu taɓa wuce duwatsu ba.

Madam Pickering ta jona shi da wuta. Gilashin da ke nuna wasan ya daɗe yana baƙi, sannan ya soma yin shuɗi a hankali. Kiɗan ya taso can ƙasa-ƙasa, kamar wani yana rera waƙa a ɗakin maƙwabta.

Jirgin sai da hannu biyu, fitila kuwa hannu ɗaya ya isa. Clive ya dubi mariƙan, ya dubi hannunsa.

"Yau ke ce direba," ya ce. "Allah ya tsare... fasinja."

Muka jefa tsaba, na daki dutse. Muka sake, na sake daka.

"Hagu, Glenys! Wai ke ba ki san hagunki ba?"

"To haska mini mana, Yaya! Tsuntsaye kake kallo?"

"Ga haske nan har ya yi yawa, idon ne babu!"

Maganar ta fito a jere, ba tuntuɓe. Na ji, amma ban ɗaga kai ba, kada ya lura.

Ban san lokacin da muka wuce duwatsun ba. Na dai ga hazo yana yayewa, taurari suna saukowa ɗaya bayan ɗaya suna kwanciya a kan ruwa. Wasu manyan kifaye suka taso daga ƙasa suka ɗauki jirgin a bayansu. Na saki mariƙi, jirgin ya ci gaba da tafiya. Ruwan da ke dukan rufi sai na riƙa jin sa kamar a cikin gilashin yake zuba, ƙasa tana lilo da ni a hankali. Hasken ya rufe fuskar Clive, bakinsa a ɗan buɗe, yana ta juya fitilarsa ko da yake ba a buƙatarta.

Madam Pickering tana tsaye bayanmu da kofuna, shayin ya huce a hannunta.

"Shekara da shekaru ina share masa ƙura," ta ce, "ban san akwai wannan wuri a cikinsa ba."

Kifayen suka ajiye mu a wani tsibiri mai gida ɗaya. Ƙofa ta buɗe, wani ɗan mitsitsin mutum ya fito ya ɗaga mana hannu. Gilashin ya dushe, wasan ya koma farko.

Muka riƙa zuwa har sanyi ya wuce. Wasu mata biyu masu aikin otal suka gan mu suka koya, aka jawo injin kusa da ƙofa. Da masu hutu suka dawo, wata safiya gilashin ya ƙi kamawa, wani mai gyara daga Grimsby ya ɗauke shi ya tafi neman kayan gyara.

Hannun Clive bai dawo ba. Amma shi ke buga wa mai gyaran waya da kansa, ya hana bawan Allah sakat. Har yanzu muna musu kan mutumin tsibirin. Ni na ce tsoho ne da hular masunta. Clive ya rantse mace ce, kuma shi take ɗaga wa hannu.