Kwamfuta Mai Nauyi

Malam Maccido ya ɗora kwamfutar a tafin hannunsa, ya ɗaga ta sama ya sauke, kamar mai gwada kaza a kasuwa. Sai ya taɓe baki.

"Wagga ce?" ya ce. "Abin da ko hwaranti ya hi shi nauyi?"

'Yarsa Mashkura ta sunkuyar da kai. Suna tsaye ne a shagon Anti Patricia da ke bakin kasuwar Goronyo, inda ake buga katin biki da sitika da allunan shaguna. Tun da Mashkura ta gama difloma take zaune a gida, tana zana katunan auren ƙawayenta a wata tsagaggiyar waya. Patricia ta ga zanen, ya burge ta. Ta ce bayan salla bukukuwa za su yi mata yawa, tana neman mai zane, amma mai kwamfutarsa, don ta shagon ba ta rabuwa da injin bugawa. Ita ce ma ta sa wani amintaccenta ya kawo wannan daga Sakkwato, ta hannu ce, mai sauƙin kuɗi.

"Baba, ba a nauyi aikin yake ba," in ji Patricia cikin ladabi. "Ƙwaƙwalwarta na da girma, za ta ɗauki manhajar zane ba ta tsaya ba. Dubi fuskarta kuma, ja ja ne, kore kore ne. Abin da mai zane ke nema ke nan."

"Na ji, Madam, Allah shi saka. Amma ni albasata zan hidda in sai da tun ba ta yi kuɗɗi ba. In zan saya ma ɗiyata abu, sai in saya mata mai ƙwari."

Mashkura ta san abin da ya kamata ta faɗa, har ya zo mata baki. Amma ba a gyara wa uba magana a gaban mutane, balle a kan ciniki. Ta haɗiye, ta bi bayansa suka fito.

* * *

Kowa a Goronyo ya san Sale dillali. Bai mallaki ko akuya ba, amma da wuya a sayar da sa a kara bai lashi wani abu ba. Da zamani ya juya, shi ma ya juya: waya, sola, injin ban-ruwa, duk abin da manomi ke so bai san kansa ba, to Sale ya san inda ake samu. Labarin kwamfuta bai kwana ba ya kai kunnensa.

Ranar kasuwa ya ja Malam Maccido bayan wata rumfa, ya zaro wata baƙar aba daga buhu, mai kauri kamar allon ƙofa. Malam ya karɓa da hannu biyu, ya ji ta danne shi, nan take fuskarsa ta saki. Ya ƙwanƙwasa bayanta. Aka jona ta da wuta, fankar cikinta ta ɗauki gurnani.

"Ji nishinta!" in ji Sale. "Malam, kai ka san inji. Wanda ba ya da ƙara, yana jan ruwa?"

Nan ya kama shi. Shekara da shekaru Malam Maccido na noman rani a ƙasan dam, da kunne yake sanin lafiyar inji, kuma kunnensa bai taɓa cin amanarsa ba. Ya kara kunne, ya taɓa gefenta ya ji ɗumi, ya gyaɗa kai. Aka yi tayi, aka yi albarka, aka ƙara, daga ƙarshe Sale ya ce ya sallama. Suka tafa, aka shafa fatiha, aka ba da la'ada. Har ta fi ta shagon Patricia tsada, wannan ma ya ƙara kwantar wa Malam da hankali.

A kan kekensa ya kawo ta gida, naɗe cikin sabon bargo. Tun daga zaure yake kiran Mashkura.

"Ɗauki ki ji! Wagga ko ta hwaɗi daga bisa rumbu ba abin da ka samun ta."

Ba ta taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar ubanta ba. Ta durƙusa ta karɓa, ta yi godiya, muryarta na rawa. Shi ya ɗauka murna ce.

* * *

Kafin manhajar zane ta buɗe, sai Inna, mahaifiyar Mashkura, ta gama dama fura. In ta buɗe kuma, ja ya koma ruwan ƙasa, fari ya koma kamar tsohon haƙori. Mashkura ta ja layi ɗaya, ta zauna jiran ya bayyana. Ƙasan kwamfutar na zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Duk da haka Mashkura ta dage, ta ce ko kati guda ta fitar. Tana tsakiyar rubuta sunan amarya fuskar kwamfutar ta yi baƙi, fankar ta yi shiru, wani ƙauri ya tashi.

Ta ɓoye ta cikin hijabi ta kai wa Patricia. Patricia ta juya ta, ta dubi bayanta, ta yi tsaki.

"Mashkura, wannan ta kusa sa'arki. Irin waɗanda ake zubarwa ne, a tsinto a goge a kawo mana ƙauye. Kuɗin gyaranta ya fi ta. Ku mayar masa."

Mayarwa! Mashkura ta cire kunya ta je kara da kanta, mace ɗaya tsakanin maza da shanu. Sale ya saurare ta yana sakace.

"Ke ɗiya, da ke munka yi ciniki? Gaban tsohonki tat tashi, ya ji da kunnenai. An sallama, an yi hwatiha. In shina da magana shi zo da kainai, in ga ko dattijo na tashin cinikin da anka shahwa ma hwatiha."

Ya san ba zai zo ba. Mutum irin Malam Maccido ya gwammace ya yi asara da a ce ya ci maganarsa a kasuwa, kuma da wannan halin nasu ake cin su.

Ta dawo ta faɗa wa Inna komai, tana kuka. Inna ta ci gaba da tsintar wake.

"Kin san ba masallacin da bai ba da labarin abinga ba?" ta ce. "Albasar da za mu ci har kaka ita ce yas sai da. Ko takalmi bai taɓa saya ma kainai da daɗin rai haka ba. Ki ce mashi mi? An mai da shi wawa? Ki bari dai, ki samu lokaci."

Lokacin bai samu ba. Patricia ta riƙe ƙaramar kwamfutar iya riƙonta, amma mai ita ya matsa. Wani ɗan garin Rabah ya saya, aikin ma shi ya samu. Ranar da Patricia ta gaya mata, ta kasa haɗa ido da ita, sai cewa take, "Ki yi haƙuri, ni ma abinci nake nema." Mashkura ba ta ji haushinta ba. Kanta ta ji haushi, da wannan bakin nata da aka koya wa shiru tun tana goye.

* * *

Da Malam ya tambaye ta me ya sa bai ƙara jin ƙarar ba, Mashkura ta ce babu caji. Ƙarya ce ƙarama, ta fitar da ita daga wuni ɗaya kawai take nema. Amma unguwarsu ba ta ganin wuta, sai Malam ya ɗora wa kansa sabon aiki. Kullum da safe zai kai kwamfutar shagon Zayyanu mai cajin waya, in ya taso daga fadama ya biya ya ɗauko. Zayyanu na karɓar kuɗin kwamfuta, wanda ya ninka na waya.

Wata rana Mashkura ta tsaya a bakin shagon. Ga kwamfutar can a ƙasa, an jingine ta da bango, ko jona ta ba a yi ba.

"Zayyanu, ka san ba ta ɗaukar wuta. Ka ji tsoron Allah."

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ni caji anka kawo mani, ba gyara ba. In kina so ki hwaɗa mashi, ga hanya nan."

Ta kwana da niyyar gobe za ta faɗa, komai zai faru ya faru. Da safe ta sami ubanta a tsakar gida, yana ɗaure bargon a bayan keke. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, tun da aka koma cin tuwo sau ɗaya a gidan. Ya ja igiyar ya ƙulle, ya sake jijjiga kayan don ya tabbatar ba zai zame ba.

"Baba."

"Na'am, ɗiyata. Madam ba ta kira ki ba har yanzu?"

"Tukuna."

"Za ta kira. Mai kayan aiki ba ya rasa aiki." Ya yi murmushi, ya rage murya don kada Inna ta ji. "In kin hwara samu, kar ki saya mani komi. Innarki za ki yi ma zane, ta daɗe ba ta ɗaura sabo ba."

Ya laluba aljihu ya tabbatar kuɗin caji na nan, ya tura keken zuwa zaure. Nauyin ya rinjaye shi gefe, ya tare da gwiwa, ya daidaita. Mashkura ta bi shi har bakin ƙofa, ta buɗe baki.

"A dawo lahiya, Baba," ta ce.