Ƙuri'ar Fintan da Nas ɗin Tsibiri

Duk Asabar Fintan Geraghty yakan zauna a ɗakin baya na mashayata yana sauraron koke-koken jama'a. Ɗan majalisarmu ne, ba ya cikin kowace jam'iyya, kuma dabararsa ɗaya ce. Idan lokacin kasafin kuɗi ya zo, gwamnati ta rasa ƙuri'a guda, sai ya yi ciniki da tasa. Ba aljihunsa yake cikawa ba, kada a yi masa sharri. Da ƙuri'ar nan ya samo mana hanya, da ita aka sake rufin makaranta. A Dublin, babban birninmu, suna kiransa ɗan kasuwa, mu kuwa ko a jikinmu.

Shekarar da aka ce za a janye nas ɗin tsibirin da nake hange ta tagata, Attracta Lavelle ta hau jirgin ruwa ta zo. Tsohuwa ce mai bakin tsiya. Mijinta Colm na fama da ciwon suga, kullum sai an wanke masa ƙafa an ɗaure. In babu nas, dole su bar gidan da aka haife shi, su koma gidan tsofaffi a gari. Ta tsaya gaban Fintan, ta kira shi da sunan ubansa.

"Ɗan Packie, tun kana yawo da majina nake zaɓen gidanku. Nas nake so."

"Misis Lavelle, kwantar da hankalinki. In ba nas, ba ƙuri'a."

Ya tafi Dublin yana taƙama. Da ya dawo, ko shayin da na ajiye masa bai taɓa ba. Attracta na zaune tana jiransa.

"Minista ya ce kasafin ya riga ya je Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, an duba, an yanka masa iyaka. In ina son nas, sai in nuna abin da za a cire. Ya ce a cire motar da ke kai yaran ƙauyen Kilbrack makaranta."

"Sai ka hana su ƙuri'ar mana!"

"In na hana, gwamnati ta faɗi, wata ta hau ta tarar da iyakar nan a inda take."

Ni da bakina ba ya shiru, na ce ai mu ma da laifinmu. Da tattalin arzikin ƙasa ya yi daɗi mun yi facaka, da ya ɓaci mu muka je roƙon bashi, mu muka sa hannu a kan sharuɗɗansu.

"Ke Dervla, je ki wanke kofunanki," Attracta ta ce mini. Ta juya wurin Fintan. "Shi mai yanka iyakar, wace rana yake zama? A wace mashaya?"

"Ba mutum ɗaya ba ne, Misis Lavelle."

"Tsawon rayuwata in an cuce ni na san wanda zan kayar a zaɓe. Yanzu wa zan kayar?"

"Ni."

"Kai? In kayar da kai in sami me?"

Fintan ya sunkuyar da kai. Wallahi ya ba ni tausayi, amma abin da ya faɗa daga baya ya ba ni haushi.

"In kin ce a cire motar yaran, zan ce a cire."

Duk yaran Kilbrack Attracta ta san iyayensu.

"Kai muka tura Dublin, amma ni za ka ɗora wa? Allah ya isa. Bar wa yara motarsu."

Kasafi ya wuce da ƙuri'ar Fintan. Kafin Kirsimeti aka sauko da Colm daga jirgi a kan keken guragu, aka rufe gidansu na tsibiri.

Ranar zaɓe na biya gidan tsofaffi da motata in kai Attracta rumfa. Na tarar tana gyara wa Colm bargo. Matar da ko da zazzaɓi ba ta taɓa fashin zaɓe ba ta ce in yi tafiyata, ba za ta ɓata takalminta ba.