Kunnen Dezső

Shekara tara muna kiɗa a gidajen giya na garin Karcag kafin mu yi faifanmu na farko. Mu uku ne: ni Kornél a jita da waƙa, Vince a babbar jita, sai Dezső mai ganguna. Kiɗanmu mai nauyi ne, a hankali yake tafiya kamar tarakta cikin taɓo. Dokarmu ɗaya ce: a ɗaki guda ake ɗauka, kowa da kowa lokaci ɗaya, lasifika a ƙure, babu mai toshe kunne. Ni na kafa dokar, da taurin kaina.

Kunnen Dezső na hagu ya riga ya mutu. Likita ya ce na dama ma saura ƙiris, ya rabu da ƙara. Duk mun sani.

A tsohon rumbun alkama muka ɗauka, cikin sanyin Fabrairu. Waƙar ƙarshe minti goma sha huɗu ce. Muka yi ta sau ɗaya, na ce a sake. Muka yi sau biyar, na ce da saura.

Da rana uwar Dezső, Inna Etelka, ta kawo mana miyar wake. Ta ja ni gefe.

"Kornél, ɗa ɗaya gare ni, shi kuma kunne ɗaya gare shi."

"Inna, sau ɗaya ya rage."

"Haka ubanka yake cewa in ya riƙe kwalba."

Dezső ya fito da auduga daga aljihu zai toshe kunne. Na yi dariya.

"Mutumina, gasar dambe za ka ko coci? Sa audugar mana, sai mu saya maka siket."

Ya dube ni, ya mayar da ita aljihu. Sau goma sha biyu muka yi waƙar. Da muka gama ya ce akwai abin da ke yi masa fito a ka. Bayan kwana uku fiton ya tsaya, jin komai ma ya tsaya da shi.

Ni da Vince muka zauna zaɓe. Muka saurari duka sha biyun, babu wanda ya dubi wani. Ta farko ta fi, nesa ba kusa ba. Ita muka sa.

Da faifan ya fito na kai masa gida. Kunya kamar ta kashe ni. Na kunna waƙar, ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifika, ya rufe ido.

"Ta nawa kuka sa?" ya tambaya da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa.

Na ɗaga yatsu goma, na ƙara biyu.

Bai ɗauke hannunsa ba har gangunan suka shigo. Ya ɗan jima yana kaɗa kai.

"Ta farko ce, Kornél. Hannuna ne, na san shi."

Ya kashe na'urar da kansa, ya fita ba aladu abinci.