Fuskar da ke Bangon Kaset

Ambarka tana murza kuskus ranar Alhamis da hantsi, sai jikarta Ikram ta faɗo kicin da waya a hannu.

"Kaka, saurari sabuwar waƙata. Kada ki ce hayaniya ce sai kin ji ƙarshe."

Hayaniyar ce kuwa. Kiɗa kamar ana dakan ƙarfe, Ikram tana zubo magana ba numfashi, irin rap ɗin nan da ya haukata samarin birnin Wahran. Can tsakiya sai ga busar sarewa, sai ga muryar mace mai kauri ta tashi, tana kukan masoyin da jirgin ruwa ya tafi da shi. Hannun Ambarka ya tsaya cak a cikin gari.

"Shaba Marjana ke nan," in ji Ikram. "A kasuwar Madina Jadida na tsinci kaset ɗin. Salon waƙar nan da ake kira rai ne, na asali, tun shekarar tamanin da uku, na yanko na ɗora tawa a kai. Dubi kyau!" Ta nuna hoton bangon kaset, wata farar mace mai jan gashi tana murmushi. "An ce a birnin Marsiliya ta rasu, baiwar Allah. Gobe zan saki bidiyon, da hotonta da 'Allah ya jiƙan ta' a ƙarshe."

Wai ta rasu! A wancan zamani macen da ke tsoron danginta ba ta sa fuskarta a kaset. Mai situdiyo ya raɗa mata suna, ya yanko hoton wata daga mujallar Turawa ya manna, shi ke nan. Ita wannan mai jan gashin, wataƙila tallan sabulu take yi, ko gaisuwar Larabci ba ta iya ba. Shekara arba'in tana shan yabon Ambarka a banza, yanzu kuma har addu'ar mutuwar ita za ta kwashe.

"Kin yanke baitin a inda ba a yankewa," Ambarka ta ce. "Ba nan ake jan numfashi ba."

"Ke kuma tsohuwa, me kika sani a waƙa? Ke da ko rediyo aka kunna sai ki bar ɗakin?"

Ambarka ta kakkaɓe hannu. Ta ɗauko baitin daga inda aka datse shi, ta kai shi har ƙarshe. Muryar ta dushe, amma kowa ya ji ya san ita ce. Ikram ta saki baki, ta dubi waya, ta dubi kakarta.

"Umma, taga a buɗe take."

Ɗanta Buzid ne, uban Ikram, ya dawo daga shago yana tsaye bakin ƙofa. Shi ne wanda yana ɗan shekara sha huɗu ya hau rufin gida ya ƙone kwali guda na kaset ɗinta, saboda 'yan ajinsu suna ce masa ɗan mai waƙar mashaya. Ranar ta ga hawayensa, ta rantse ta daina.

"Kin yi mini alkawari," ya ce.

"Yaro mai kuka na yi wa alkawari. Kai yanzu furfura gare ka."

"Ina da shago, Umma. Ina da sahu a masallaci. Me mutane za su ce?"

"Gobe 'yarka za ta binne ni a gaban duniya, ni kuwa ina nan ina murza maka kuskus. Hakan ya yi maka?"

Buzid ya kawar da kai. Hakan ya yi masa, ta gani a fuskarsa, kuma wallahi ƙone kaset ɗin bai yi mata ciwo kamar wannan ba.

Ta juya wajen Ikram. "Cire mai sabulun nan. Ɗauke ni hoto."

"Kaka, ki bari ki wanke hannu mana, ki sa gyale mai kyau..."

"Haka nan za ki ɗauka, da garin da komai. Ki rubuta Ambarka 'yar Lahadar, unguwar Hamri. Ki rubuta tana raye."

Ta wuce ta gaban ɗanta, ta tura ɗaya tagar ma ta buɗe, don hoton ya sami haske.